Ƙwaron Da Aka Raɗa Wa Suna Korona: Ba Shi Da Fiffike, Amma Akwai Noti A Ƙafarsa

Ɗalibai, kowa ya ɗauko rularsa ya dubi ƙananan layukan nan da ke jere a gefenta. Tsakanin layi da layi milimita ɗaya ne. Ku ƙirga biyu zuwa uku. To, tsawon ƙwaron da za mu yi magana a kansa a wannan makon ke nan, wato bai kai ƙwayar shinkafa ba.

A shekarar 2021 wasu masana ƙwari biyu, Raden Pramesa Narakusumo na ƙasar Indunusiya da Alexander Riedel na ƙasar Jamus, suka wallafa bayanin sababbin nau'o'in ƙwari 28 a wata mujallar kimiyya mai suna ZooKeys. Dukkansu an samo su ne a dazuzzukan tsibirin Sulawesi. Ɗaya daga cikinsu suka sa masa suna Trigonopterus corona, domin annobar korona ta dagula musu aikin binciken ƙwarai.

Kada sunan ya tsorata ku. Ƙwaron nan ba ya ɗauke da cutar korona, ba ya cizon mutum, ba ya kuma shiga rumbu. Abin da ya sa ya cancanci shafi guda shi ne ƙirar jikinsa. Wanda ya fahimci yadda aka gina jikin nan zai gane dalilin da ya sa ƙwaron ya maƙale a daji ɗaya, da dalilin da ya sa sare dajin zai iya shafe shi daga doron ƙasa baki ɗaya.

Su wane ne danginsa?

Duk wanda ya taɓa buɗe buhun masarar da ta daɗe a ajiye ya san ɗan ƙwaron nan mai duhun jiki da zungureren baki, wanda ke mayar da hatsi gari. Masana na kiransa Sitophilus zeamais. Shi da ƙwaron Sulawesi 'yan uwa ne, dukkansu suna cikin babban dangin ƙwari masu dogon baki. Dangin nan na cikin mafi yawa a duk halittun da ke motsi a duniya, domin nau'o'in da aka riga aka rubuta sun haura 50,000.

Ƙwaron wake kuwa, duk da ɓarnarsa ta yi kama da ta ƙwaron masara, ba ɗan wannan dangi ba ne. Ku kama shi ku duba, za ku ga ba shi da dogon bakin nan.

A ilimin halittu kowane nau'i yana da suna biyu, bisa tsarin da masanin ƙasar Suwidin Carl Linnaeus ya shimfiɗa, wanda masana dabbobi ke ƙirga farkonsa daga shekarar 1758. Na farko kamar sunan gida ne, na biyu kuma kamar sunan yanka. Trigonopterus shi ne sunan gidan, corona kuma sunan wannan nau'in shi kaɗai. Gidan Trigonopterus yana da ɗaruruwan nau'o'i, sun bazu daga tsibirin Sumatra a yamma har zuwa Samowa a gabas, sun haɗa da Niyu Gini da arewacin Ostareliya. Babu su a Afirka.

Mu duba jikinsa

Kamar kowane ƙwaro, jikinsa kashi uku ne: kai, ƙirji da ciki, da ƙafafu shida da ke fitowa daga ƙirjin. Ba shi da ƙashi a ciki. Ɓawo mai tauri da ya lulluɓe shi ta waje shi ne ƙashinsa, kuma naman da ke motsa gaɓoɓinsa a jikin ɓawon yake manne ta ciki.

Mu fara da bakin. Mutane da yawa suna zaton zungureren abin nan tsinke ne na tsotso irin na sauro. Ba haka ba ne. Gaban kan ne ya miƙe ya yi tsawo, a can ƙarshensa kuma akwai 'yan ƙananan muƙamuƙai masu cizo da tauna. Da su ƙwaro mai dogon baki yake huda tsiro ya ci. A nau'o'i da yawa na dangin, da bakin ne mace take haƙa ɗan rami ta saka ƙwanta. Ƙwaron masara ma haka yake yi: macen ta huda ƙwayar hatsi, ta saka ƙwai, ta liƙe ramin, tsutsar da ba ta da ƙafa ta girma a ciki tana ci.

A gefe biyu na bakin akwai 'yan ƙahonni guda biyu masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, ƙarshensu da ɗan kauri. Da su ƙwaron yake sansano ƙamshi, yake kuma taɓa abin da ke gabansa.

Sai bayansa. Ƙwari irin su buzuzu suna da fukafukai kashi biyu. Na sama masu tauri ne, aikinsu rufi, na ƙasa kuma masu laushi ne, da su ake tashi. Trigonopterus yana da murfin saman nan mai tauri, amma a ƙarƙashinsa babu fukafukan tashi. Duk inda za shi, da ƙafa yake zuwa. Ku riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

To, wanda ba ya iya tashi, yaya yake yi in tsuntsu ko gizo-gizo ko tururuwa suka taso masa? A ƙarƙashin ƙirjinsa akwai wani ɗan kwari kamar kube. Da ya ji motsin haɗari sai ya lanƙwashe bakinsa ya cusa shi cikin kwarin, ya naɗe ƙafafunsa su manne da jiki, ya saki ganyen da yake kai ya faɗo ƙasa, ya yi lamo kamar matacce. A wannan hali ba ka bambanta shi da ƙwayar iri ko ɗan tsakuwa. Saboda wannan ɗabi'a ce sunan da masana suka ba rukuninsu yake nufin masu ɓoyayyen baki. Binciken da aka yi da hotunan cikin jikin ƙwaron ya nuna cewa sassan jikin suna shiga cikin juna su kulle, ta yadda buɗe shi da ƙarfi yake da wuya.

Noti da sukuru a ƙugu

Abin da ya fi ba masana mamaki yana wurin da ƙafa ta haɗu da jiki. Ƙugun mutum dunƙulen ƙashi ne da ke juyawa cikin kwarmi. Gwiwarmu kuma tana aiki ne kamar ƙyauren ƙofa, ta buɗe ta rufe. An daɗe ana ganin noti da sukuru kuwa dabara ce ta maƙera da injiniyoyi kawai.

A shekarar 2011 Thomas van de Kamp da abokan aikinsa a birnin Karlsruhe na Jamus, ciki har da Riedel, suka wallafa wani bincike a mujallar Science. Sun ɗauki wani ɗan gidan nan mai suna Trigonopterus oblongus daga Niyu Gini, suka haska shi da wata babbar na'urar eksire mai ƙarfi da ke nuna cikin abu ba tare da an yanka shi ba. Sai suka ga gaɓa ta biyu ta ƙafar tana da zare a murɗe irin na sukuru, wanda ya zagaye ta fiye da sau ɗaya. Gaɓa ta farko kuma tana da irin wannan zare ta ciki, kamar noti. Ɗaya na shiga cikin ɗaya ta hanyar murɗawa, kamar yadda kuke rufe murfin gorar ruwa. Girman mahaɗar duka kusan rabin milimita ne.

Wannan ne karo na farko da aka bayyana irin wannan mahaɗa a jikin wata dabba. Da suka duba wasu ƙwari masu dogon baki, sai suka tarar su ma suna da ita. Masana na ganin tana ba ƙafar damar juyawa sosai, abin da ke taimakon mai hawan ganye da reshe, kuma da wuya ta goce. Hausawa sun ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Ina ne gidansa?

Sulawesi tsibiri ne a Indunusiya, shi ne na 11 a girma a duniya. In kun duba taswira za ku ga ya yi kama da harafin K, da hannaye huɗu da suka miƙe cikin teku. Layin da ya raba duniya biyu ya ratsa ta arewacinsa, don haka akwai ɗumi da ruwan sama mai yawa. Cikinsa duwatsu ne masu tsawo, mafi tsawonsu, Rantemario, ya haura mita 3,400. Akwai dabbobin da ba a samun su sai a wannan yanki, kamar anowa, wani ɗan ƙaramin ɓauna, da maleyo, tsuntsun da ke binne ƙwansa cikin yashi mai zafi ya bar zafin ya ƙyanƙyashe masa.

A ƙarni na 19 Baturen Ingila Alfred Russel Wallace ya lura cewa dabbobin da ke yammacin Sulawesi, kamar na tsibirin Borniyo, sun fi kama da na Asiya, na gabas kuma suna karkata zuwa na Ostareliya. Iyakar da ya zana tsakaninsu har yau ana kiranta Layin Wallace. Teku mai zurfi ne ya raba ɓangarorin biyu, shi ya sa dabbobi ba su cakuɗa ba.

A cikin dazuzzukan wannan tsibiri, 'yan gidan Trigonopterus sun kasu gida biyu wajen zama. Wasu suna rayuwa a kan ganyayen bishiyoyi da ƙananan itatuwa. Wasu kuma suna ƙasa, cikin tarin ganyayen da suka zubo suna ruɓewa. A dajin da bishiyoyi suka rufe sama, wannan shimfiɗa ta ganye kullum a jiƙe take, da sanyi da duhu. Ga halittar da ba ta wuce milimita uku ba, bushewa ita ce babbar barazana, don haka inuwar bishiyoyin nan ita ce rayuwarta.

Yanzu mu koma kan maganar fiffike. Ƙwaron masara yana tashi, kuma yana bin buhunan hatsi a mota da jirgin ruwa, shi ya sa ake samunsa a kusan duk ƙasashe masu ɗumi. Ɗan uwansa na Sulawesi kuwa, kogi ɗaya ko fili mai rana ya isa ya tare shi. Dajin da ke kan dutse ɗaya ya zame masa tsibiri a cikin tsibiri. Waɗanda ke kan wannan dutse ba sa haɗuwa da na wancan, ba sa aure da juna. Bayan dubban ɗaruruwan shekaru kowane rukuni sai ya sauya kama, har ya zama nau'i na dabam. Wannan ne ya sa nau'o'i da yawa na gidan nan ba a san su a ko'ina ba sai a wuri guda, wani lokaci dutse ɗaya tak.

Kuna iya tambaya: in ba sa tashi, yaya aka yi suka cika tsibirai masu nisa da juna? Nazarin DNA ya nuna cewa nau'o'in da ke tsibirin Bali daga gabas kakanninsu suka zo, suka ƙetare Layin Wallace, kuma ba sau ɗaya ba. Masana na hasashen cewa itatuwa da tarkacen daji da ambaliya ke kwasa zuwa teku ne suka zame musu kwalekwale. Abu ne da ba ya faruwa sai jefi-jefi, amma shekarun da ake magana miliyoyi ne. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yadda ake farautar ƙwaron da ido ba ya gani sosai

Kayan aikin ba su da tsada. Ga na kan ganye, mai bincike yana shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin reshe ya bugi reshen da sanda. Dabarar da ƙwaron ke tsira da ita, wato sakin ganye ya faɗo, ita ce ke jefa shi kan ƙyallen. Ga na ƙasa kuma, ana ɗibar ruɓaɓɓen ganye a tankaɗe shi da rariya mai manyan idanu. Abin da ya zubo sai a zuba shi a jakar raga a rataye. Yayin da yake bushewa, ƙwarin sukan fito neman laima su faɗa cikin kwalbar da aka ajiye a ƙasa.

Wahalar tana wajen isa dajin, da kuma aikin da ke biyo baya a ɗakin bincike. Yawancin ƙwarin nan baƙaƙe ne ko masu launin ƙasa, kuma sun yi kama da juna ƙwarai. Kafin a ce wannan sabon nau'i ne sai an bi matakai. Ana duba shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a lura da ɗige-ɗigen bayansa, da gashi ko ɓawon da ke jikinsa, da siffar ƙafafunsa. Ana ciro gaɓar haihuwa ta namiji a duba, domin siffarta takan bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Ana karanta wani ɗan yanki na DNA ɗinsa a gwada da na sauran. Sannan a ɗauki hotonsa, a rubuta bayaninsa, a zaɓi ƙwaro ɗaya ya zama abin misali a adana shi a gidan tarihi, domin duk mai shakka ya je ya duba da idonsa.

Haɗa waɗannan hanyoyi ya sa aikin ya yi sauri. A 2013 Riedel da abokansa sun bayyana sababbin nau'o'i 101 daga Niyu Gini a rubutu guda. A 2014 suka ƙara 98 daga Jaba, Bali, Lombok da tsibiran da ke kewaye. A Sulawesi kuwa, tun daga 1885 nau'i ɗaya tak aka sani, har zuwa 2019 da Riedel da Narakusumo suka bayyana 103 a lokaci guda. Da aka ƙara 28 na 2021, jimillar ta kai 132. Ku lura: ƙwarin nan ba sababbin halitta ba ne. Suna nan tun kafin kakanninmu. Mai duba su ne ba a samu ba.

Ina za a samo sunaye ɗari?

Ƙa'ida ce kada nau'i biyu a gida ɗaya su yi suna iri ɗaya. Wanda ya gano ɗari a lokaci guda kuwa dole ya yi dabara. A aikin Niyu Gini, masanan sun buɗe littafin lambobin tarho na ƙasar Papuwa Niyu Gini suka ari sunayen wasu iyalai. A Sulawesi akwai wanda aka sa wa sunan Charles Darwin. Wani ɗan ƙarami mai launin kore-kore aka kira shi yoda, sunan wani ɗan tsoho a finafinan Star Wars. Wasu uku suka sami sunayen Asterix, Obelix da Idefix, taurarin wani littafin zane na Faransa. A cikin na 2021 akwai unyil, sunan wani ɗan tsana da yaran Indunusiya suka sani a talabijin.

Abin kamar wasa, amma suna yana da nauyi. Halittar da ba ta da suna ba ta shiga lissafi. Ba a iya sa ta a jerin waɗanda ke cikin haɗari, ba a kuma iya cewa a bar wani daji saboda ita.

Abin da ke cikin haɗari

Dazuzzukan Sulawesi suna raguwa. Ana sare su don katako, da gonakin koko da kwakwar manja, da haƙar ma'adinin nikel, wanda ake amfani da shi wajen yin ƙarfen da ba ya tsatsa da batiran motoci masu aiki da lantarki. Mutanen tsibirin suna neman abinci da aikin yi kamar kowa, don haka maganar ba mai sauƙi ba ce.

Sai dai ku auna abin da ke faruwa ga ƙwaronmu. In aka sare daji, tsuntsu yana iya tashi ya nemi wani. Ƙwaron da ba shi da fiffike yana nan inda yake. Rana ta sauka kan ganyen da ke ƙasa, ya bushe, shi ke nan. In kuwa dajin nan ne kaɗai gidan wannan nau'in a duniya, to ya tafi ke nan har abada, wataƙila ma kafin wani ya taɓa ganinsa.

Wani zai ce, to mene ne amfanin ɗan ƙwaro? Ga misali daga cikin danginsu. A da, masu gonakin kwakwar manja a Maleshiya sai sun ɗauki ma'aikata suna barbara furannin da hannu kafin su sami 'ya'ya sosai. A 1981 aka kai musu wani ɗan ƙwaro mai dogon baki daga Kamaru, Elaeidobius kamerunicus, wanda shi ke wannan aiki a asalin gidan kwakwar. Ya yaɗu a gonakin, aikin hannun ya zama tarihi. Da ba a san shi ba, ba a kuma nazarci rayuwarsa ba, da babu wanda zai yi tunanin ɗauko shi. Haka ma notin da ke ƙugun Trigonopterus: yana nan tun fil azal, sai da wani ya tsaya ya duba.

Gwada da kanka

Gani ya kori ji. Ba sai kun je Indunusiya ba kafin ku ga yawancin abin da muka faɗa.

Ku nemi izini a gida ku ɗebo masara ko dawar da ƙwari suka fara ci, ku zuba a kan farar takarda. Ku ari madubin ƙara girma a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, ko ku yi amfani da kyamarar waya ku jawo hoton kusa. Ku nemo bakin, da ƙahonnin nan masu gwiwa, da ƙafafu shida, da layin da ya raba murfin baya biyu. Ku taɓa ƙwaron da tsinke a hankali ku ga abin da zai yi da ƙafafunsa. Ku ajiye ƙwaron wake a gefensa ku rubuta bambanci uku da kuka gani.

Sannan ku shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin wata ƙaramar bishiya a harabar makaranta, ku bugi reshe da sanda sau biyu ko uku. Ku tabbata babu gidan zuma ko na rina a wurin, kuma kada ku kama abin da ba ku sani ba da hannu. Ku ƙirga iri nawa suka faɗo, ku zana su, ku rubuta rana da wuri da sunan bishiyar. In kun gama ku mayar da su inda kuka same su.

Ku maimaita a bishiyar da ke cikin inuwa da wadda ke tsakiyar rana, da damina da kuma rani, ku gwada sakamakon. Ku kai wa malaminku na kimiyya littafin ya duba. Rana, wuri, zane da ƙirga su ne abubuwan da masanan Sulawesi ma suke fara rubutawa kafin a kai ga maganar suna.